Loriye-roz: iccen ado mai jure rani, mai dafi daga saiwa har fure

A watan Afrilu, lokacin da zafi ya wuce digiri 40 a Yamai, Tawa da Damagaram, ciyawa ta ƙone, itatuwa da yawa sun kakkaɓe ganyensu, akwai wani ɗan icce da ke nan kore shar a ƙofar ma'aikatu, a farfajiyar otel-otel da gidajen sababbin unguwanni, kansa cike da furanni ruwan hoda, ja ko fari. Masu sayar da dashe a bakin hanya suna kiran sa da sunansa na Faransanci, laurier-rose, wanda a bakin jama'a ya koma loriye-roz. Masana tsirrai kuwa sun san shi da Nerium oleander. Yana cikin itatuwan ado mafi sauƙin reno a ƙasa mai zafi, kuma yana cikin mafi dafi: saiwarsa, ɓawonsa, ganyensa, furensa da irinsa duk suna ɗauke da guba mai tsayar da zuciya. A gidan da ake turke ragon layya a tsakar gida, yara kuma suna wasa da duk abin da hannunsu ya kai, dole a san wannan kafin a haƙa rami.

Asalinsa da danginsa

Loriye-roz ɗan bakin rafi ne. Asalinsa ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, daga Maroko da Fotugal har Gabas ta Tsakiya, daga can ya miƙe zuwa Iran, Indiya da kudancin Sin. A can yana tsirowa da kansa a cikin koramun da ke gudu da damana su ƙafe da rani, inda saman ƙasa ya bushe amma akwai laima a ƙarƙashin yashi. Ana samun sa a haka har cikin Sahara, a kwazazzaban duwatsun Hoggar da Tassili na kudancin Aljeriya, gefen tafkunan da ba sa ƙafewa. Larabawa suna ce masa difla. Wannan asali shi ne ke bayyana halinsa duka: yana jure rana, iska mai ƙura da dogon fari, amma ba ya yin fure da kyau sai saiwarsa ta taɓa ruwa.

Mutane sun daɗe suna dasa shi. Ana ganin zanensa a bangon gidajen Pompeii, garin Romawa da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Birnin Hiroshima na Japan ya ɗauke shi furen gari, domin yana cikin tsirran da suka fara fure bayan bam ɗin nukiliya na 1945. A jihar Kaliforniya ta Amurka an jera shi tsakiyar manyan hanyoyi na ɗaruruwan kilomita, saboda ba ya neman kulawa kuma hayaƙin motoci bai dame shi ba.

Danginsa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Gidansu ɗaya da tumfafiya, da kariya, da kwankwani, wato dangin da masana ke kira Apocynaceae. Duk wanda ya san cewa maharba na dā da kwankwani suke dafa dafin kibiya, kuma kariya ma an yi amfani da ita wajen haka, ya riga ya fahimci irin gidan da loriye-roz ya fito. Gubar tasu iri ɗaya ce, aikinta a jiki ma ɗaya ne.

Yadda ake gane shi

Icce ne mai rassa da yawa da ke tashi tun daga gindi, tsawonsa daga mita 2 zuwa 6, ko da yake akwai gajerun iri da ba sa wuce mita 1 da rabi. Ganyen dogo ne siriri, mai tsini, mai kauri kamar fata, yawanci tsakanin santimita 10 da 20. Tsakiyarsa akwai jijiya guda mai haske, daga gare ta ƙananan jijiyoyi masu yawa suna fita a jere kamar haƙoran mataji. Alama mafi sauƙi ita ce yadda ganyen ke fitowa: uku-uku a gaɓa ɗaya, suna kewaye da reshe, wani lokaci biyu-biyu. Furannin suna taruwa a ƙarshen reshe, kowanne da kunnuwa biyar, sai dai a irin da aka inganta mai ninki, wanda ke kama da fure mai tarin kunnuwa kuma ya fi ƙamshi. Bayan fure yakan yi ƴaƴa dogaye kamar kwanson wake, su tsage su saki iri mai gashi da iska ke ɗauka. Idan aka karya reshe, wani ruwa mai danƙo yana fitowa.

Kaurin ganyen nan shi ne sirrin jure raninsa. Ƙofofin da ganye ke numfashi da su suna ɓoye a cikin ƙananan ramuka masu gashi a bayan ganyen, don haka iskar hunturu ba ta kwashe ruwansa da sauri.

Akwai ruɗani guda da sunan ke jawowa, kuma ya fi shafar masu girki. Ganyen loriye da ake saya busasshe a kasuwa, ake jefawa cikin miya, shinkafa ko romon nama, daga wani icce dabam yake, Laurus nobilis, wanda Faransawa ke kira laurier-sauce. Babu dangantaka tsakaninsu sai suna. Ganyen miya ya fi faɗi, gefensa yana ɗan lanƙwashewa, yana fitowa ɗaya-ɗaya a reshe, kuma da an murza shi ƙamshi ke tashi. Na loriye-roz siriri ne, ba ya ƙamshi, ɗacinsa kuma ya wuce misali. Cibiyoyin kula da cin guba na Faransa sun sha jan kunnen jama'a kan wannan kuskure. Yarinyar da aka aika ta tsinko "loriye" a iccen ƙofar gida ba ta da laifi idan ba a taɓa nuna mata bambancin ba. Haka ma masu tafasa ganyen turare don sirace ko sha lokacin mura: dogon ganyen turare da na loriye-roz suna iya kama a idon wanda bai kula ba, musamman bayan sun bushe, amma na turare ƙamshinsa ba ya ɓoyuwa.

Sai kuma ɗan'uwansa mai fure rawaya, Thevetia peruviana, wanda asalinsa Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka ne, kuma ake yawan yin shinge da shi a biranen Afirka ta Yamma. Ganyensa ya fi siranta da sheƙi, furensa kamar ƙararrawa, ruwansa fari kamar madara, ɗansa kore mai kusurwa da ƙwallo mai tauri a ciki. Duk abin da za a faɗa nan kan dafi ya hau kansa shi ma, har da ƙari, domin ƙwallon nasa yara suna son wasa da shi kuma nan gubar ta fi taruwa.

Dasawa

Ba a cika shuka shi daga iri ba, domin abin da zai tsiro ba lalle ya ɗauko launin uwar ba. Reshe ake yanka. A zaɓi wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, mai kaurin alƙalami, wanda ba shi da fure. A yanke santimita 15 zuwa 20, a ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa a bar biyu ko uku a sama, su ma a rage musu rabi don kada su shanye ruwan reshen. Daga nan hanya biyu ce. Ko a tsoma gindin cikin kwalba mai ruwa a ajiye a inuwa mai haske, ana sauya ruwan duk bayan kwana uku. Ko a soka shi cikin leda mai yashi da ɗan ruɓaɓɓen taki, ana yayyafa ruwa kullum. Da zafi, cikin mako uku zuwa biyar fararen saiwoyi suna fitowa. Idan a kwalba ne, kada a jira saiwar ta yi tsawo ta cukurkuɗe. Da ta kai tsawon yatsa a mayar da ita leda a hankali, domin saiwar ruwa tana karyewa da wuri. Ruwan kwalbar kuwa guba ne. A zubar da shi inda kaza ko mage ba za su sha ba, kwalbar kuma kada ta koma madafa.

Wanda ke da iccen a gida yana iya lanƙwaso reshen ƙasa, ya ɗan kankare ɓawon, ya binne wurin da ƙasa, ya danne da dutse. Bayan wata biyu ya yi saiwa, sai a yanke shi daga uwar.

Lokacin da ya fi dacewa a kai shi ƙasa shi ne farkon damana, bayan ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Agusta. Masu jiran ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, ba su makara ba, amma a Tawa da Damagaram, inda damana ta fi gajarta, wanda ya riga ya dasa a Yuli ya fi samun riba. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 50, a gauraya ƙasar sama da bokiti ɗaya na takin shanu ko na tumaki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A cire ledar gaba ɗaya, abin da masu gaggawa ke mantawa, a dasa daidai zurfin da yake a leda, a yi masa ɗan kwano na ƙasa kewaye da gindi don riƙe ruwa. Idan shinge ake so, a bar mita 1 zuwa 1 da rabi tsakanin dashe. Idan shi kaɗai ne, yana buƙatar filin mita 2 ta kowane gefe, kuma a nisanta shi da bututun ruwa da ramin masai, domin saiwarsa bin laima take.

Ba ya zaɓen ƙasa. Jigawa, laka, ƙasa mai tsakuwa, har da mai ɗan kanwa ko gishiri, duk yana kamawa. Abin da ba ya yafewa shi ne inuwa. Wanda aka dasa ƙarƙashin bedi ko mangwaro zai yi tsawo, ya yi siriri, ya riƙa fure ɗaya-ɗaya kamar dole. Yana son rana aƙalla awa shida a yini.

Ruwa, taki da aski

Shekarar farko ce mai wuya. Bayan ɗaukewar damana, sabon dashe yana son kamar lita 10 duk bayan kwana biyu a ƙasa mai yashi, da safe ko da marece. Daga shekara ta biyu, ban ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi na kullum, domin yayyafi yana riƙe saiwa a sama inda rana ke dafa ta. Iccen da ya kafu yana iya yin makonni babu ruwa bai mutu ba, sai dai zai zubar da ganyen ƙasa, gindin ya yi tsirara, furen ya ragu. Ganyen ƙasa da ke yin rawaya yana faɗuwa yakan nuna ƙishirwa. Idan kuma ƙasar kullum a jiƙe take tana wari, to ruwan ne ya yi yawa saiwa ta fara ruɓewa, abin da ya fi faruwa a tukunyar da ba a huda gindinta ba. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka suna yi masa, in ban da wanda aka zuba wa jabel.

Taki kaɗan ya ishe shi: bokitin ruɓaɓɓen taki a farkon damana, ko ɗan cikin hannu na 15-15-15 a barbaɗa nesa da gindi a bi da ruwa. Yawan ure ganye yake jawowa, da darɓa, ba fure ba.

Yawancin shawarwarin da ake karantawa a shafukan intanet na Faransa an rubuta su ne don masu fama da ƙanƙara: a shigar da tukunya ɗaka a Nuwamba, a rufe iccen da mayafi, a rage ruwa har Maris. Babu ɗaya da ya shafi mai garka a Maraɗi. Sanyin Janairu na nan bai kai ya taɓa shi ba, kuma inda yake samun ruwa yana iya fure kusan duk shekara, ya fi yawa lokacin zafi.

Aski shi ne aikin da ake yawan ɓatawa. Furen yana fitowa a kan sababbin rassa, a ƙarshensu. Mai garkar da ke bi da almakashi duk wata yana daidaita saman shinge kamar tebur, furen da zai fito yake yankewa. Abin da ya fi shi ne aski sau ɗaya a shekara, bayan babban fure ya wuce: a cire matattun rassa da waɗanda suka gicciye, a sare kashi ɗaya cikin uku na tsofaffin rassa tun daga kusa da ƙasa, sauran a rage musu tsawo kaɗan a saman gaɓa. A shekara uku iccen ya sabunta kansa ba tare da ya taɓa rasa fure ba. Tsohon da ya yi tsirara ana iya sare shi duka a bar santimita 30 zuwa 50. Zai toho, amma sai an haƙura da fure na wani lokaci. Mai son ya ga icce mai gindi ɗaya da laima a sama sai ya zaɓi reshe guda mai ƙarfi, ya riƙa cire ƴan tohon gindi duk sanda suka fito.

Duk wannan aiki da safar hannu ake yin sa, da riga mai dogon hannu. Ruwan iccen yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fatar wasu, a ido kuma yana da zafi ƙwarai. Ba a cin goro, ba a shan taba, ba a shan shayi ana cikin aski. In an gama a wanke hannu da sabulu, a wanke adda da almakashi, kuma kada wuƙar yankan nama ko albasa ta shiga wannan aiki.

Ƙwarin da ke damun sa

Duk da dafinsa, akwai masu cin sa. Na farko wasu ƙananan ƙwarin darɓa ne rawaya masu baƙaƙen ƙafafu, Aphis nerii, da ke taruwa a kan toho. Su ne dai ake gani a jikin tumfafiya. Suna tsotse ruwan iccen, su ajiye gubar a jikinsu don tsuntsaye su ƙyale su, su bar wani danƙo mai zaƙi da ke jawo tururuwa da baƙin fumfuna. Feshin ruwa mai ƙarfi, ko ruwan sabulu, ko jiƙon dakakken ƙwallon bedi da marece, yana rage su. Akwai kuma ƙwari masu ɓawo da ke manne wa bayan ganye, da jan gizo da ke zuwa da ƙurar rani ya sa ganye ya yi fari-fari. Wanke ganyen da ruwa lokaci-lokaci yana hana su zama. Wata babbar tsutsa koriya mai ɗigo biyu shuɗaye kamar idanu tana iya cinye ganyen reshe cikin kwana biyu. Ɗiyar wani kyakkyawan malam-buɗe-littafin dare ce, Daphnis nerii, kuma tsince ta da hannu ya wadatar. Idan aka ga ƙulli-ƙulli baƙi a reshe, cutar bakteriya ce da almakashi ke yaɗawa: a yanke reshen can ƙasa da ƙullin, a goge ƙarfen da alkol kafin a taɓa wani iccen.

Yadda dafin ke aiki

Babban sinadarin gubar sunansa oleandrin, kuma yana da ƴan'uwa da yawa a cikin iccen. Aikinsu ɗaya da na digoxine, maganin da likitoci ke ba wasu masu ciwon zuciya a ma'auni ƙanƙane. Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana da wani ɗan pampo da ke fitar da sodiyom yana shigar da potasiyom. Da wannan musaya bugun zuciya ke tafiya daidai. Gubar tana toshe pampon. Sai kalsiyom ya taru a cikin tsokar, potasiyom ya hau a jini, saƙon da ke tsara bugu ya rikice. Zuciya ta riƙa tafiya a hankali ƙwarai, ko ta riƙa tsalle, ko ta yi gudu babu tsari har ta tsaya.

Alamun farko daga ciki suke: tashin zuciya, amai, dalalar miyau, ciwon ciki, gudawa. Bayan haka jiri, kasala, barci-barci, wani ya ga abubuwa sun koma rawaya ko ya ga da'ira kewaye da fitila. Suna iya bayyana cikin ƴan awoyi, kuma matsalar zuciya tana iya zuwa bayan an ɗauka amai ya wuce an samu sauƙi. Ɗacin ganyen yana sa yawancin yara su tofar tun taunar farko, shi ya sa ba kowace taɓawa ke kai wa ga mutuwa ba. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon zuciya ko na ƙoda, da wanda ya sha tafasasshen ganyen. Tafasawa ba ta kashe gubar, shanya ma ba ta kashe ta.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci saboda masu ɗaukar cewa duk abu mai ɗaci magani ne. A Arewacin Afirka da Indiya an san shi a maganin gargajiya, kuma asibitocin can sun sha karɓar waɗanda suka sha shi don ciwon suga ko wata cuta suka ƙare a gadon gaggawa. A 2020, lokacin annobar korona, an yi ta tallar oleandrin a Amurka a matsayin magani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ƙi amincewa a sayar da shi a matsayin ƙarin abinci. A 2023 hukumar ta sake gargaɗi kan wasu ƙwayoyin rage ƙiba da ake sayarwa ta intanet, bayan an gano cewa ƙwallon mai furen rawaya ne a cikinsu. Tazarar da ke tsakanin abin da zai yi aiki a zuciya da abin da zai tsayar da ita ƙanƙanuwa ce; ko digoxine na asibiti sai ana auna jini. Babu mai iya auna wannan da cokali a tukunya.

Bisashe ne suka fi mutuwa

A ko'ina cikin duniya, dabbobi sun fi mutane faɗawa tarkon loriye-roz: shanu, dawaki, jakuna, raƙuma, tumaki, awaki, karnuka, har kaji. Littattafan likitancin dabbobi suna cewa busasshen ganye mai nauyin kashi 0,005 cikin ɗari na nauyin dabba yana iya kashe ta. Ga saniya mai kilo 300, giram 15 ke nan, abin da bai wuce ganye 10 zuwa 20 ba. Rago kuwa ganye ƙalilan sun ishe shi.

Dabbar da ta ƙoshi ba ta cika taɓa ɗanyen iccen ba saboda ɗaci. Matsalar tana zuwa ne bayan aski. Ganyen da ya yi yaushi ko ya bushe ɗacinsa yana raguwa, gubar kuwa tana nan daram. Mai gadi ya share farfajiya, ya kwashe rassan ya zuba a bola bayan katanga. Awakin unguwa, waɗanda a watan Mayu har kwali suke ci, su taru a kai. Ko kuma a haɗa sharar garka da ciyawa a miƙa wa ragon turke da kyakkyawar niyya. Ko iska ta kaɗo busassun ganye cikin harawa da kwanon ruwa. Sau da yawa mai dabba ba ya ganin alamar komai, sai dai ya wayi gari ya tarar da ita a kwance. Idan an ga alama, to dalala ce, gudawa wani lokaci da jini, rawar jiki, sanyin kunnuwa da ƙafafu, da numfashi sama-sama. A kira likitan dabbobi nan take, a kwashe sauran abincin, a raba sauran garken da wurin. Dabbar da ake zargin wannan guba ce ta kama ta, ko an samu an yanka ta kafin ta cika, bai kamata a ci namanta ko a kai shi kasuwa ba, nononta ma a zubar.

Saboda haka zubar da rassan wani ɓangare ne na renon iccen. Hanya mafi aminci ita ce a haƙa rami a binne su da zurfi, ko a ɗaure cikin buhu a kai inda dabba ba ta isa. Ba a ƙona su, domin hayaƙin yana da illa ga mai shaƙa, kuma ba a sa su a murhu ko da itacen girki ya yi tsada.

Rassan loriye-roz miƙaƙƙu ne, santala-santala, irin waɗanda hannu ke kai wa idan ana neman tsinken tsire, asuwaki, muciya ko sandar kaɗa shayi. Akwai tsohon labari da ake maimaitawa a Turai cewa sojojin Napoleon sun mutu a Spaniya bayan sun gasa nama a kan tsinkensa. Labarin ya fi kama da almara, kuma wani gwaji da likitoci suka yi a Amurka ya nuna gubar da ke shiga nama daga tsinke kaɗan ce. Amma asuwaki taunawa ake yi, ana haɗiye ruwansa, wannan kuwa shan gubar ne kai tsaye. Yaron da ya saba karyo reshen bedi da safe yana bukatar a nuna masa iccen da ba a karya.

Idan wani ya ci

A cire abin da ya rage a baki, a kurkure da ruwa, a tofar. Kada a tura yatsa don jawo amai, kada a ɗura madara, mai, ruwan gishiri, tsamiya ko wani jiƙo. Ba sa karya wannan guba, ɓata lokaci kawai suke. Gawayin murhu ba shi ne gawayin asibiti ba. A tafi likita nan take ko da mutumin yana wasa yana dariya, a riƙe reshen iccen a leda ko hotonsa a waya, a faɗi lokacin da aka ci da kimanin yawansa, da magungunan da mutumin ke sha. Idan CSI ce ta fi kusa a fara da ita, amma wanda bugunsa ya sauya yana bukatar babban asibiti inda ake da na'urar auna bugun zuciya da gwajin potasiyom. A can ana ba da gawayin magani mai kama gubar a hanji, ruwa ta jijiya, allurar atropine idan bugu ya yi ƙasa, da maganin sauke potasiyom. Akwai makari na musamman da aka yi don digoxine wanda ke aiki kan wannan gubar ma, sai dai yana da tsada ƙwarai kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Ana riƙe marar lafiya aƙalla kwana guda ana sa ido. Ruwan iccen idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Wurinsa tsakiyar manyan hanyoyi, shatale-tale, farfajiyar ma'aikata mai katanga, ko garkar gidan da babu ƙananan yara kuma ba a kiwo. Bai dace da makarantar firamare, gidan renon yara, makarantar allo, bakin rijiya, kasuwar dabbobi ko kusa da turke ba, kuma bai dace da shingen garkar salati da kabeji ba, inda ganyensa zai faɗa cikin abin da za a kai kasuwa. Mai son launi a irin waɗannan wurare yana da bugenbiliya mai hawa katanga, ga lalle da ke yin shinge mai kauri da fure mai ƙamshi, ga zogale.

Wanda ya gaji iccen a gidan haya ko ya ga iyalinsa sun ƙaru, ya yanke shawarar cire shi, ya sani sarewa kaɗai ba ta kashe shi; cikin makonni zai toho daga gindi, kuma sabon tohon ya fi kusa da bakin akuya da hannun mai rarrafe. Sai an tone kututturen da manyan saiwoyinsa, an bi wurin wata biyu ko uku ana cire duk abin da ya sake leƙowa, an share busassun ganyen da suka taru a gindin katanga kafin a sake sakin dabba a wurin.